Ranar da Sammani Wanzami Ya Mayar da Askarsa Zabira

Malam Sammani ya haura shekara arba'in yana wanzanci a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa. Shi ya yi mini askin suna, kuma da na dawo daga karatu a bencinsa na dā na same shi, yana tsokanar 'yan okada, masu acaɓa, da Yarbanci. Sau ɗaya tak, in ji shi, ya taɓa shiga gidan suna ya fito bai yi aski ba.

Gidan Haladu ne, mai albasa a kasuwar Shasha. Da aka raɗa wa jaririyar suna Zulfa aka miƙo wa Sammani ita, sai ya ga cibiyarta ko bushewa ba ta fara ba, gefenta ya yi ja ya kumbura, ga gyambo a bayan kunne, amma babu ɗigon mugunya. Haka wanta Suhaibu ya yi. Sammani ne ya cire masa beli, wurin bai warke ba har yaron ya rasu yana wata biyu.

Ya naɗe askarsa ya mayar zabira.

"Sammani, tsufa ne ya kama hannun?" in ji Hajiya Ashatu, kakar yarinyar. "Ko sai ka ga kan ragon tukuna?"

"Riƙe kan ragonki, Hajiya, in kina da haƙoran cinsa. Yarinyar nan ko farce kada ya karce ta. Asibiti za ta, yanzu."

"Jikata ta fita da gashin haihuwa? Me zan ce wa mutane?"

"Ki ce wanzamin ne ya ji tsoro. Gaskiya ce."

Da kansa ya tare musu keke mai ƙafa uku. Bayan makonni ana gwaji, likitoci suka ce ciwon gado ne da uwa da uba ke ɗauke da shi ba su sani ba: ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta ba sa isa inda rauni yake, shi ya sa gyambon ba ya yin mugunya. Ɗan yanka kaɗan zai iya tafiya da ita.

Zulfa ta cika shekara uku bana. Kullum sai ta sha magani, duk wata ana kai ta asibiti, likitoci kuma suna maganar dashen ɓargo nan gaba. Makon jiya ta gifta ta gabanmu a guje tana ƙyalƙyala dariya, uwarta na biye da ita da cokalin magani a hannu.