Kabastar Fanka Ranar Sunan 'Yata

Ni malamin lissafi ne, shekara da shekaru ina koyarwa a Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na son a gyara mini magana a kan lamba. Wannan halin nawa ne ya kai ni ya baro.

Ranar sunan 'yata ta fari ta faɗo Juma'a, tsakiyar bazara. Da sassafe fankar ɗakin mai jego ta soma juyawa a kasale, ga dangin matata sun cika mota daga garin Doka suna hanya. Matata kuwa kwana shida ba ta runtsa kirki ba saboda zafi, ita da jaririyar duk ƙuraje sun feso musu. Na hau kujera na ciro kabasta, wato ɗan kwalin nan da ke ba fanka ƙarfin tashi. An rubuta ma'auninta a jikinta, maikuro biyu da rabi.

Shagunan kayan lantarki duk a kulle saboda Juma'a. Sai na nufi maƙwabcinmu, wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya zazzage mini gwangwani cike da 'yan ƙananan kabastoci kamar ƙwayar wake, ya ce kowacce nano ɗari ce, amma ba na fanka ba ne.

Na ce, "Baba, maikuro ɗaya nano dubu ne. Biyu da rabi nano dubu biyu da ɗari biyar ke nan. Ƙirgo mini ashirin da biyar."

Ya ce, "Ustaz, lissafinka daidai ne, amma wutar..."

Na ce, "To me ya rage?"

Ya ƙirgo ya miƙo mini. Wallahi har yau ina jin haushin rashin ƙarasa maganar nan tasa.

Na murɗe ƙafafunsu wuri ɗaya, na naɗe da salatif, na maƙala. Lokacin mata sun cika ɗakin, goggon matata ta kame kan gado da kofin jabana, wato gahawa, a hannu. Na gyara murya na yi musu bayanin nano da maikuro, sannan na danna makunni.

Tas! Tas-tas-tas! Kamar ana soya gugguru. Ashe 'yan banzan wutar batirin rediyo kaɗai suka sani, ta gida ta fi ƙarfinsu. Hayaƙi ya turnuƙe, mata suka yi waje da salati, wata har da barin takalmi. Fanka ta tsaya cak.

Goggo ko motsi ba ta yi ba. Ta kurɓi jabanarta, ta miƙo mini mafici ta ce, "Ungo, ɗana. Wannan guda nawa za ka haɗa?"

Namiji a ɗakin jego ranar suna! Maza na can ƙofar gida suna cin naman rago, ni ina durƙushe gaban gado ina fifita, mata na shiga suna fita suna yi mini sannu da aiki. Na ji kunya kamar in nutse. Hannu ya gaji in sauya, har azahar.

Can na lura jaririyar ta daina mutsu-mutsu, idon matata kuma yana lumshewa. Ta ja mayafi ta rufe baki don kada Goggo ta ji, ta ce, "Don Allah kar ka tashi. Tun da na haihu ba ka zauna kusa da ni haka ba."

Sallar Juma'a kaɗai ta tashe ni, ina dawowa na koma na ɗauki maficin.