Abin Da Inna Ta Gani A Wanki

Wata rana wata likita mai bincike, Dakta Karimatu, ta zo hutu gida Funtuwa daga ƙasar waje inda take aiki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ciwon dajin babban hanji ya ɗauke mahaifinta, Malam Ilu mai gyaran agogo. Tana aji uku a jami'a lokacin. Da aka kai shi asibiti, likitoci suka ce an makara.

Tun daga ranar ta ɗaura ɗamara da wannan ciwo. Ba ta san hutu ba. Duk takardar da ta karɓa, mahaifinta take fara tunawa, yadda yake ɗaga tabarau ya ce, "Karanto mini, uwata."

Da hantsi suna zaune a tsakar gida, mahaifiyarta Inna Delu tana ɓarar gyaɗa, sai ta ce, "Wai ni wane irin aiki ne ya hana ki zama kusa da mu?"

Karimatu ta yi mata bayani a hankali. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da suke horewa, ta ƙyale lafiyayyen nama, ta nemi dajin kaɗai ta fasa shi. Suna kuma ɗora mata wani saƙo na ƙwayar halitta, wanda zai tada garkuwar jiki ta taya ta yaƙin.

"Har yanzu gwaji muke, Inna. Da saura."

"Kamar a cire ƙaya da ƙaya ke nan," in ji Inna.

Karimatu ta yi murmushi, sai idonta ya ciko.

"Kullum ina cewa a raina, da ma Baba ya jira ni. Da maganin nan ya riske shi."

Inna ta ajiye gyaɗar.

"Ba maganinki ya rasa ba, Dakta. Baki ya rasa. Shekara biyu ina ganin jini a wandonsa in na zo wanki. Ya ce basir ne, yana ta shan jiƙo. Ya ji kunyar faɗa, ni ma na ji kunyar matsa masa."

Karimatu ba ta taɓa jin wannan magana ba.

Shekara biyu.

Ta fi kowa sanin abin da likita zai iya yi da shekara biyu a wannan ciwo.

Ba ta yi faɗa ba. Ta matsa ta kama hannun tsohuwar, suka yi kukan mutum ɗaya su biyu, kaji na tsattsage gyaɗar ba mai korar su.

Washegari ta sami yayanta Sallau a shagonsa. Ta ce, "Yaya, ciwon nan yakan bi jini. Rufe shagon, mu je a duba ka."

Ya fara kawo uzuri. Da ya dubi fuskarta, sai ya ɗauki makulli.

Darasi: Masana suna can suna nema mana maganin gobe, Allah Ya ba su sa'a. Amma wanda ya ga jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko cikinsa ya canza ya ƙi daidaita, yau ya kamata ya ga likita. Kunya ado ce, amma ba a gaban ciwo ba.

Akwai wani naka da ke cewa "basir ne kawai." Tura masa wannan tun yana iya karantawa da kansa.