Na Tafi Fagge Neman Gafarar Yalwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Tudun Wadar Zazzau, ni da ɗana da matarsa, a sabuwar fijo ɗinsa mai warin roba. Kano muka nufa. Saura kwana tara in tashi aikin Hajji, na kuwa zaga dangi da maƙwabta tun daga Gyallesu har cikin birni na nemi gafara, kowa ya yafe. Mutum ɗaya ta rage, ita ce Yalwa, maƙwabciyata ta Fagge a zamanin aurena na fari. Shekara talatin ko kusa ban sa ta a ido ba, ban ma san ko tana da rai ba.

Muka wuce Kongo ɗalibai ba su tashi ba, muka hau titin Kano daga Kwangila. A da jirgin ƙasa muke shiga, mu wuni muna shaƙar hayaƙin kwal. Yanzu kwalta ce shimfiɗe. An ce motoci sun koma hannun dama, amma zuciyata ba ta koma ba, duk motar simintin da ta taho sai in ga kanmu ta yo, in yi salati. A Kwanar Dangora muka sayi dafaffen rogo da ƙuli. Na ce a ba ni na sule, mai tallar ta gyara mini, wai kwabo goma ake cewa.

Ga laifin da na ɗauko, ku ji. Gidanmu da nasu Yalwa katanga ɗaya ce. A bayanmu aka gina silima, fili ne kawai ba rufi. In mazajenmu sun fita bayan magariba, sai mu sa tsani mu hau soro, mu kwanta rub da ciki. Katangar silima ta tare rabin allon, sai samansa muke gani: hulunan Turawa, kunnuwan dawaki, gajimare yana tafiya a hankali. Yalwa ce ke raɗa mini abin da ƙafafuwa ke yi a ƙasa, duk daga kanta. Ana nan, ana nan, ran nan uwar mijina ta ga tsanin. Tsoro ya kama ni, na rantse Yalwa kaɗai ke hawa. Magana ta kai kunnen mijinta, aurenta ya mutu. Ban ce mata komai ba har mijina ya rasu na dawo Zazzau.

Da hantsi muka shiga Kano. Na ce wa ɗana kada ya tambayi kowa, na san garin. Ya bi ta dalar gyaɗa, ya bar kududdufi a hagunsa, in ya ga tsamiya mai reshe biyu ya tsaya. Muka je inda buhunan gyaɗa ke tashi har su tare rana, sai fili fetal da awaki. Kududdufin an cike shi, gidan mai ne a kai. Inda na sa ran tsamiya, shataletale ne, babura na ta kewaya shi. Sau uku muka zaga, matar ɗana na dariya a cikin mayafi. Ko badala ta zaizaye, sai Dutsen Dala na hango yana nan inda na bar shi.

Na ce to a kai ni silima. Kunya ta kama ɗana, ma'aikaci guda da uwarsa maniyyaciya. Wani mai facin taya ya dubi carbin hannuna, ya dube ni, ya tambaya wacce daga ciki, don yanzu suna da yawa. Na ce tsohuwar, marar rufi. Muka same ta, an manne bangonta da hotunan Indiyawa masu ɗigo a goshi. Na dafa bangon, na taka sawu-sawu zuwa ƙofar gidanmu, sai na tsinci kaina a tsakiyar titi. Na tsaya. A nan ɗakina yake, a can murhu, ga randar Yalwa da moɗa a kanta. Har ƙamshin daddawarta na ji. Motoci suna ta ratsa tsakar gidanmu suna yi mini ham, sai da ɗana ya janye ni.

Wani tsohon baduku a gindin bangon ne ya cece mu. Ya ce da titi ya bi ta kan gidajen, an ba mutanen filaye can wajen Kurna, mu tambayi Yalwa mai ƙosai.

A Kurna muka tarar da ita a zaune tana tsintar wake da laluben hannu, idanu sun yi fari. Sallama ɗaya na yi ta ce, "Bazazzagiya, ashe ba ki mutu ba?"

Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta har wani jirgin sama ya wuce ta kanmu ya ɓace.

"Zancen tsani na san ke ce tun ranar," in ji ta. "Yarinta ce, kuma wanda na aura daga baya ya fi shi hankali. Wannan ya wuce. Amma shekara talatin ba ko saƙon gaisuwa? Sai da Makka ta kira ki kika tuna ni? Ki kwana biyu a nan tukuna, in duba."

Ɗana da matarsa suka koma, ni na zauna. Na yi mata surfe, na kai niƙa, muka ci tuwo a kwano ɗaya. Ta lissafa mini waɗanda suka mutu, na lissafa mata nawa. Ba ta ƙara tada maganar ba. Da safiyar rana ta uku, ɗana ya dawo ɗaukata, mota na jira a waje, ta kama hannuna ta shafa fuskata.

"Kin tsufa, wallahi. Je ki, na yafe miki duniya da lahira. Ki ambaci sunana a can."

Da azahar muka iso Tudun Wada. Abin da na gano, 'ya'yana, gari ba ya ajiye wa mutum komai, kuma jinkirin da na yi ya fi ƙaryar ciwo. Na sha ruwa, na yi salla, sannan na ce wa matar ɗana ta sauko da akwatina, yanzu a fara shirya kayan tafiya.