Ƙarfen Jirgi Da Ya Raba Ni Da Maigidana

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Ƙaura, ni matashiya ce mai goyon fari, matar wani maƙeri a Nahuce. Haifaffiyar Tsafe ce ni, aure ne ya kai ni can. Yanzu na tsufa ƙwarai, kusan duk waɗanda zan ambata ƙasa ta rufe musu ido, shi ya sa na ga gara in ba masu karatu labarin nan tun ina da sauran numfashi. Ba zan kama sunan kowa ba.

Maigidana mutum ne marar yawan magana. Ƙira gadonsa ce, manoma har daga Rawayya suke zuwa sayen fartanyarsa da garmarsa. Abin da ke wahalar da maƙera a wancan zamani shi ne ƙarfe, don sai an haƙo tama an narka, a sha wuya a samu ɗan kaɗan. Da masu aikin hanyar jirgi suka kafa sansani kusa da garinmu, sai wani mutumin Kudu mai tsaron siton ɗan kwangila ya saba da maƙerarmu, yana kawo adda ko wuƙa a wasa masa. Mai fara'a ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, har ɗana yakan ɗauka ya yi masa wasa. Wata rana ya zo da guntayen ƙarfe da manyan ƙusoshi a buhu, ya ce rarar aiki ce, Baturen kwangilar ya ba shi izinin sayarwa. Ina bayan zana ina tankaɗe, na ji da kunnena maigidana yana tambayarsa ko babu wata rigima a ciki, shi kuwa ya rantse da Allah babu. Daga nan ciniki ya ɗore tsakaninsu, kuma a shekarar babu maƙerin da ya kai maigidana kayan noma masu kyau.

Ana gab da shuka, da hantsi, dogarai suka shigo mana gida. Ashe Baturen ya duba sito ya ga kaya sun yi giɓi, da ya matsa wa mai sito sai ya ce ai akwai wani maƙeri da ke shawagi a wurin, shi yake zargi. Suka tarar da ƙusoshin a maƙera, wasu ko wuta ba su shiga ba. Aka ɗaure maigidana da igiya aka tasa shi gaba zuwa Gusau. A wurin shari'a mai sito ya dube shi ido da ido ya ce bai taɓa sayar masa da ko allura ba. Shaida kuwa babu, don su biyu suke cinikinsu, ni da na ji aka ce matarsa ce, ba a karɓar tawa. Aka yi masa bulala a bainar jama'a, aka kai shi gidan yari.

Ba zan iya kwatanta abin da na gani a garinmu bayan haka ba. Matan da muke ɗiban ruwa tare suka koma yin shiru idan na iso rijiya, yara suna kirana matar ɓarawo. Surukata, wadda nake kira Inna, ta kwanta ciwo don baƙin ciki. Da abin ya ishe ni na goya ɗana na tafi Gusau, na sauka wurin wata gwaggona, ina yin dakau da surfe a gidajen mutane, abin da na samu in dafa in kai wa maigidana. Fursunoni a lokacin su ke ɗaukar duwatsu da ruwa wurin gine-gine. Mari ya cinye masa idon sawu har ya zama gyambo, sannan ya kama wani tari mai tsanani. Duk zuwan da zan yi sai in ga ya ƙara ramewa.

A can na fara ganin Fada. Na je kai abinci sai na tarar da wani Bature mai dogon gemu, cikin doguwar farar riga da ta sha jiki, ya durƙusa a ƙasa yana wanke wa maigidana ƙafa da ruwan ɗumi. Ban taɓa ganin Bature a durƙushe ba. Da na tambaya aka ce limamin Kiristoci ne 'yan Katolika, daga wata ƙungiya ta mutanen da suka yi wa Allah alkawari ba za su yi aure ba, ba za su tara dukiya ba, rayuwarsu ta talakawa ce da waɗanda aka zalunta. Daga Zariya yake zuwa jefi-jefi ya yi ibada da ma'aikatan jirgi a wata rumfa a Sabon Garin Gusau, in ya gama ya bi kutare da fursunoni. Tsoro ya kama ni, na ja maigidana gefe na ce kada ya yarda mutumin nan ya raba shi da addininsa. Ya ce mini tun da yake zuwa bai taɓa tambayarsa addininsa ba, abin da yake tambaya kawai shi ne ina ke masa ciwo.

A irin wannan zaman ne maigidana ya ba shi labarin yadda aka yi ya shigo. Ya ce mini da Fada ya ji, sai ya sa ya kwatanta masa kamannin mai sito. Ashe mutumin na hannun daman Fada ne, shi ke jan jama'a addu'a a rumfar idan Fada ba ya gari. Abin da ya gudana tsakaninsu daga baya na ji shi a bakin matar mai siton. Fada ya kira shi ya tambaye shi, ya musa, ya sake musawa, daga ƙarshe ya fashe da kuka ya ce tsoro ne ya sa shi, yana da 'ya'ya ƙanana, in ya faɗi gaskiya sun shiga uku. Fada ya ce masa ba zai ja shi da ƙarfi ba, amma ya sani ƙofar gafarar Allah a buɗe take, sai dai ba a shigarta alhali wani na zaune cikin mari a madadinka. Ya ce ya je ya faɗa da bakinsa, shi zai raka shi, kuma muddin yana da abin da zai ci, 'ya'yansa ba za su kwana da yunwa ba.

Mutumin ya yi ta jan ƙafa har damina ta wuce. Fada bai zauna jiransa ba. Ya je wurin Baturen mulki ya roƙi a sake duba shari'ar, aka ce masa izinin da aka ba shi na kula da mutanen Kudu ne, in ya ci gaba da tsoma baki a harkar 'yan ƙasa za a hana shi zuwa garin gaba ɗaya. Ya sake komawa. Mabiyansa ma wasu suka yi fushi suka daina zuwa rumfar, suna cewa yaya zai goyi bayan Musulmi ya tona asirin nasu. Wata rana ya tsayar da ni a ƙofar gidan yari, cikin Hausarsa mai karyewa ya ce in yi haƙuri, bai manta ba. Na wuce abina. A raina na ce duk bakinsu ɗaya.

Bayan an gama girbi mai sito ya je ya faɗi gaskiya, Fada na tsaye a gefensa. Aka kore shi daga aiki, aka ɗaure shi, aka saki maigidana. A kan jaki muka kai shi Nahuce, ƙaninsa na tallafe da shi don kada ya faɗo. Fata da ƙashi kawai ya rage, in ya yi tari sai jini. Mutanen gari suka yi ta tururuwar zuwa sannu, har da masu yi mini shiru a rijiya. Ya nemi a kai shi maƙera ya gani, ya ɗaga guduma ya kasa, ya ajiye.

Ba a daɗe ba Fada ya zo a kan keke, jama'a na biye da shi suna kallo. Ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar maigidana. Ya ce saƙo ya kawo daga gidan yari, mai sito yana roƙon gafara, shi ma kansa yana roƙo, don mutumin nasa ne, kuma gaskiya ta yi jinkirin fitowa. Maigidana ya daɗe yana numfashi kafin ya iya magana.

"Ka ce masa na yafe," in ji shi. "Ba ni son in tsaya gaban Allah ina riƙe da wuyan rigar kowa."

Ina bakin ƙofar cikin gida, ban san lokacin da na ɗaga murya ba, na ce shi ya yafe nasa, ni ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba har abada. Na zaci Fada zai yi mini wa'azi, sai ya juyo a hankali ya ce, "Haƙƙinki ne, baiwar Allah, ba mai ƙwace miki shi. Amma kaya ne mai nauyi. Ina roƙa miki ranar da za ki sauke shi." Da limamin garinmu ya shigo zai yi wa maigidana addu'a, Fada ya tashi ya ba su wuri, ya tsaya a waje har suka gama. Kwanaki kaɗan bayan haka maigidana ya cika da kalmar shahada a bakinsa.

Na fita takaba ke nan matar mai sito ta zo da 'ya'yanta, a ƙasa tun daga Gusau. An fitar da su daga gidan ma'aikata, abin da Fada ke tara musu suke ci. Ta durƙusa a tsakar gidanmu tana kuka, ta kira ni 'yar'uwa, ta ba ni labarin duk abin da ya faru, ta ce mijinta ba ya iya barci, kalma ɗaya yake so daga bakina. Ƙafafun yaran duk sun faffashe. Na dube su, na juya na shige ɗaki. Inna ce, wadda ɗanta ne aka kashe mata da ƙarya, ta rarrafo ta ɗebo musu ruwa, ta dama musu fura. Da suka tafi ta ce mini, 'yar nan, wuta ba ta zaɓar wanda za ta ƙona, har mai riƙe da ita ci take. Na ce mata na ji, amma ban ji ba.

Daga baya na sake aure a Bungudu, na haifi wasu 'ya'yan, rayuwa ta ci gaba. Amma ɗana na fari da labarin nan na raine shi. Ban taɓa faɗa masa abin da mahaifinsa ya ce a zaure ba, na bulala da mari kawai nake ba shi. Ya tashi mutum mai riƙo, wanda ba a yi masa laifi ya manta. Da suka girma, suka sami saɓani da ƙaninsa kan iyakar gona, abin da bai kai ya kawo ba. Ƙanin ya zo ban haƙuri, ya turo dattawa, amma wan ya ƙi sauraro. Na kira shi na ce ya dubi Allah ya yafe wa ɗan'uwansa, ya ce, "Inna, ai a wurinki na koya." Ƙanin ya rasu ba su yi magana ba. A ranar jana'izar na ga babban ɗana zaune shi kaɗai a bayan gida yana kuka kamar yaro, na san hannuna na cikin wannan hawayen.

Bayan sadakar arba'in na shirya na tafi Gusau. Rumfar nan ta zama gini. Na tarar da wani Fada daban, matashi, ɗan ƙungiyarsu. Ya ce mai gemun ya daɗe da rasuwa, zazzaɓi ya kashe shi, a ƙasar nan aka binne shi, bai koma garinsu ba. Wani dattijo a wurin ya tuna mai sito. Ya ce da aka sake shi ya zauna shekaru yana bin Fada-Fada kai wa fursunoni abinci, daga baya ya koma Kudu, kuma sun ji labarin mutuwarsa. Na zauna a dakalin ƙofa na ba matashin labarin tun daga farko, sannan na ce na yafe. Ya ce ba shi ne mai yafiyar ba, amma ya karɓe ta amana, in Allah ya sa ya sami inda 'ya'yan mutumin suke zai isar musu. Har yau ban sani ba ko ta isa.

Ni Musulma ce, a kan haka nake fatan cikawa, kuma tun ina yarinya nake jin malamai na faɗin falalar yafiya. Amma a aikace wurin mutum biyu na gan ta, maigidana da yake kwance yana jiran mutuwa, da wani baƙo da ya yarda ya ɓata da nasa mutanen don a fitar da maƙerin da ba danginsa ba, ba addininsu ɗaya ba. Ina jan kunnen masu sana'a, kada ku sayi abin da ba ku san asalinsa ba, kada ku yi ciniki ba shaida, komai fara'ar mai kaya. Wanda kuma tsoro ya sa ya ɗora wa wani laifinsa, ya sani kowace rana ya ƙara yana shiru, daga ran wani yake cire ta. Mata 'yan'uwana, ku kula da abin da kuke zuba wa 'ya'yanku a kunne, don da shi za su zauna da 'yan'uwansu bayan ranku. In an zo neman gafararku, ku yi ƙoƙari ku bayar tun mai nema yana tsaye a gabanku. Ni na furta tawa, amma waɗanda suka yi tattaki suka roƙa ba su ji ta ba.