Ƙarfe a Cikin Baho

Shekara goma sha bakwai Mai Faci ya yi a bakin babban titi, a ƙarƙashin rumfar kwano, da injin iska da bahon ruwan da yake tsoma taya don gano inda take yoyo. A da, an san shi da raha. Sai ranar da 'yarsa ta fari, mai shekara tara, ta kawo masa abincin rana, wata tifa ta yo baya direban bai duba ba, ta bi ta kanta, nan take ta rasu. Kwanon abincin ko lotsewa bai yi ba. Direban ya bar motar a kunne ya gudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Tun daga nan hannun Mai Faci ya riƙa riga bakinsa magana, hannun kuwa ba ya rabuwa da dogon ƙarfen da ake ɓamɓare taya da shi. Ya karya wa wani direba kafaɗa saboda ya tsaya a gicciye. Ya fasa wa wani kai, ɗinki goma sha ɗaya, don ya danna hon sau uku. Duk sabuwar shekara sai ya rataye sabuwar kalanda, ya rantse a gaban matarsa ba zai ƙara taɓa kowa ba har abada. Shekarar farko rantsuwar ta kai kwana tara. Ta biyu ko mako ba ta cika ba.

Da ta uku ta ƙarato, matar ta gaya masa, ba tare da ta ɗaga murya ba, cewa ita ta ga yadda ake fitar da gawa daga gida, ba za ta zauna ta ga ya jawo wa wani gidan haka ba. Ranar da ya sake ɗaga ƙarfe a kan mutum, ranar za ta ɗauki ƙaramar 'yarsu ta tafi.

Ya kai kukansa wurin maƙwabcinsa mai walda, wani dattijo mai tsokana, ya ce bana da gaske zai rantse. Tsohon ya ɗage tabaransa na aiki ya kalle shi.

"Ƙanena, kai da haƙurin kwana goma ya gagara, kai ne za ka ɗauko har abada? Ni ko ƙofa ba na jan waldarta a tashi ɗaya, sai na ɗiɗɗiga mata tukuna. Bar zancen daina duka. In ka ga babbar mota, jefa ƙarfen a baho kafin ka miƙe. Aikinka na bana kenan."

Mai Faci ya tambaya, to in ya yi dukan da hannu fa? Tsohon ya ce da wannan hannun nasa, sai dai direba ya ɗauka kakkaɓe masa riga ake yi.

Haka aka shiga shekara. Duka bai ƙare ba. Ya mari mutum biyu, ya yaga wa na uku riga har cibiya. Amma kowane karo ƙarfen yana ƙasan ruwa, har ya fara tsatsa.

A wata na biyar, da tsakar rana, wata tifa ta yo baya da gudu daidai lokacin da 'yan makaranta ke wucewa. Yaran suka watse da ihu, motar ta tumɓuke ƙafar rumfar, kwano ya rufto. Mai Faci bai san lokacin da ya jefa ƙarfen ba, ƙarar ruwan kawai ya ji a bayansa. Ya fizge ƙofar motar, ya jawo direban ta wuyan riga, ya maka shi da ƙasa. Ya hau ruwan cikinsa yana naushi, baki, hanci, ido, har jini ya jiƙa masa gaban riga. Direban ya kauce, naushi ɗaya ya sauka a kan kwalta, fatar yatsun Mai Faci ta saluɓe.

Ya tashi ya nufi baho. Taku shida ne. Ya tsoma hannu har gwiwar hannu, ruwan ya shiga ciwon kamar wuta, ya lalubo ƙarfen ya damƙe. Ya waiga. Direban yana zaune a ƙasa, saurayi ne da ko gemu bai cika ba, yana tofar da jini yana laluben haƙorinsa a tafin hannu. Mai walda yana tsaye yana kallonsu. Mai Faci ya daɗe a sunkuye. Da ya zaro hannun, ruwa kawai ke ɗiga daga gare shi.

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da matarsa a bakin ƙofar ɗaki, mayafi a kafaɗa, yarinyar tana riƙe da gefen zaninta. Ta dubi rigar, ta dubi hannun da ya kumbura.

"Baban yara, direban da ƙafarsa ya tafi?"

"Da ƙafarsa. Har da zagina."

Ta ɗan tsaya. Sannan ta cire mayafin ta rataye a ƙofa, ta ce wa yarinyar ta miƙo mata gishiri, ta ɗora ruwa a wuta.