Rubutun da Bai San Inda Yake Ba

A ofis Na-Ƙasa ake kiransa, saboda ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin bene, inda babu taga, sai sanyi da gurnanin fankoki. Shekara goma sha bakwai ke nan yana kula da manyan kwamfutocin kamfanin. Masu shara ma sukan manta da ɗakin, shi yake share abinsa.

Tun farkon zuwansa ya rubuta wani ɗan jerin umarni da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta: ya saita agogo, ya duba lafiyar faifan adana bayanai, sannan ya buɗe manhajar da ma'aikata ke aiki da ita. A lokacin kowace kwamfuta ƙarfe ce da za ka iya dafawa. Daga baya aka koma kwamfutocin kwaikwayo, goma a cikin ƙarfe ɗaya. Sai kuma aka zo da kwantena, wato ɗan keɓaɓɓen akwati da manhaja ke zama a ciki, ba shi da agogon kansa, ba shi da faifai.

Rubutun Na-Ƙasa bai san an yi wannan ƙaura ba. Duk inda ya farka sai ya nemi faifai, in bai samu ba ya tsaya yana jira, kamar mai sallama a ƙofar kango. Dole Na-Ƙasa ya zo ya tsallakar da shi da hannu. Kusan kullum da hantsi ake sake kunna kwantenonin, shi ya sa shekara uku bai yi nisa da ginin ba.

Sai ga waya daga yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ranar Alhamis za a yi mata aikin ido, a garin da mota ke zuwa sau biyu kacal a mako.

"Auta," ta ce, "ko sai na zama kwamfuta za ka zo ka duba ni?"

Ya hau sama wajen manaja neman hutu.

"Ka tafi mana," in ji manaja. "To wa zai danna mana abin naka?"

"Ranka ya daɗe, zan koya masa ya gane inda yake."

"Koya masa, sai ka ɗauki jakarka."

Kwana biyu ya yi a kai. Ya sa wa rubutun tambayoyi kafin komai. Kana cikin kwamfutar kwaikwayo? In e, bar agogo, duba faifai kawai. In a'a, kana cikin kwantena? In e, tsallake duka biyun. Ya gwada a tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinsa, ya yi daidai, har ya yi murmushi shi kaɗai.

Ranar Laraba da hantsi yana cikin mota, jaka a cinya, sun kusa fita gari, wayarsa ta yi ƙara.

"Na-Ƙasa, komai ya tsaya cak!" manaja ne. "Mutum sittin sun zuba wa allo ido."

Kafin ya ajiye wayar ya gane kuskurensa. A teburinsa kwantenan a kan ƙarfe yake zaune. Na kamfanin kuwa a cikin kwamfutocin kwaikwayo suke, akwati cikin akwati. Rubutun ya ji e a tambayar farko, bai kai ga ta biyu ba, ya tafi neman faifai.

"Direba, don Allah akwai sauka."

"A nan? Malam, ba na jira fa."

"Na sani."

Gyaran bai kai minti uku ba. Tambayar kwantena ya mayar sama, ta kwaikwayo ta dawo ƙasa. Manaja, wanda rabonsa da saukowa ɗakin an daɗe, yana tsaye a bayansa yana murza hannu saboda sanyi.

"Ka gani? Da ka yi nisa fa? Ka zauna zuwa Litinin mu ga kamun ludayinsa."

Na-Ƙasa ya tura jakarsa ƙarƙashin tebur. Ko ba komai, mota sai Asabar.

Ya kira yayarsa, ya fara jero bayani. Ta katse shi.

"Bari wahalar da bakinka, Auta. Ai idon za a naɗe min, ko ka zo ba ganinka zan yi ba."

Ta yi dariya, shi ma ya gwada, ba ta fito ba.

Ranar Alhamis da hantsi, daidai lokacin da ake shiga da ita, aka sake kunna kwantenonin. Yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallo suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tsaya jiransa.