Takardun da Na Kwana a Kansu

Ni mace ce mai ƙin tarkace, maƙwabtana a Limawa sun san halina. Ko tsinke na gani a tsakar gida sai na yi faɗa.

Shekarar da 'yar yayana take aji shida a makarantar makafi, wurina ta yi hutu, saura wata guda ta zauna jarrabawar shiga sakandare. Babanta, manomi a Taura, ya riga ya yanke magana: in ta faɗi, karatu ya ƙare, ta koma gida ta zauna. Ta zo da tarin takardu masu kauri, farare fat, babu ɗigon tawada, sai ƙananan ƙuraje da ake karantawa da yatsa. Darasin shekara guda ne, ita ta huda su da hannunta, da wani ɗan allo mai ramuka da ƙarfe kamar basilla.

Aka tafi da ita bikin suna a Aujara, ta bar su a baje kan tabarma. Na tattara, na yi musu abin da nake yi wa duk takarda mai daraja, na cusa ƙarƙashin katifa. Kwana uku ina barci a kansu, kuma Allah bai yi ni siririya ba.

Da ta dawo na miƙa mata ina taƙama. "Ga su nan, har sun miƙe sumul."

Ta shafa ta farko, ta shafa ta biyu. Can ta ce, "Gwaggo, kin goge su."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yi ta kuka, ita take ba ni haƙuri.

Washegari na nemi gidan malaminsu a cikin Dutse. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke da sauƙi, wata dutsen guga ta sa." Ya ba ni sababbin takardu, ya ce a riƙa jera su a tsaye cikin kwali. Na aro littattafan 'yan aji shida a maƙwabta. Kullum bayan koko nakan karanta, ita tana hudawa ƙwas-ƙwas. Turancina ya sha gyara a bakinta, har ta ce da a ajinsu nake, da ni ce ta ƙarshe.

Ana saura kwana biyu ta koma makaranta, Yaya ya zo daga Taura. Ya yi sallama ba mu ji ba, tana tsakiyar karanto mini abin da ta huda, yatsunta na gudu a kan takarda. Ashe bai taɓa ganin tana karatu ba. Ya daɗe tsaye a bakin zaure, sannan ya tsuguna gabanta, ya ɗora yatsansa mai kaushi kan layin.

"Nan me aka ce?"

Ta karanta masa. Ya nuna wani wurin, ta karanta. Ya goge fuska da hularsa, ya dube ni.

"Ko ta ci ko ba ta ci ba, yarinyar nan makaranta za ta koma."